Yadda za ka zaɓi busasshiyar safar hannu in za ka yi nutso a ruwan sanyi

Wanda ya koyi nutso da tukunyar iska a ruwa mai ɗumi, irin na Sharm el-Sheikh a Masar ko na Zanzibar, ba ya sanin cewa hannu ne ke fara kai ƙara sai ranar da ya faɗa ruwan Turai. Jikinka na cikin busasshiyar riga, wato rigar nutso da ruwa ba ya shiga cikinta, ƙirji lafiya lau, iskar tukunya ko rabi ba ka sha ba, amma kan ka ce kwabo yatsu sun ƙage, ƙugiyar da kake buɗewa da yatsa ɗaya a tudu yanzu da hannu biyu ma ta gagara. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, shi kuma jiki da ya ji sanyi sai ya janye jini daga yatsu ya kai ciki ya tsare zuciya da huhu. Da fatar yatsa ta sauko ƙasa da digiri 15 aikin hannu ya fara lalacewa kenan, kuma a ƙarƙashin ruwa hannun nan shi ne ke riƙe da bawul ɗin rigarka, shi ke danna madannin iska, shi ke miƙa wa abokin nutsonka tiyo in iskarsa ta yanke. Saboda haka maganar safa ba ta jin daɗi ba ce kawai, ta tsira da rai ce.

Na rubuta wannan ne musamman don 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kai su irin su Aberdeen, Norwe, Kanada, suka shiga harkar nutso, ga shago ga kaya iri-iri ba su san ta ina za su fara ba. Busasshiyar safa hawa biyu ce, safar ciki da safar roba ta waje da ake haɗawa da hannun riga da zobe. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, ita robar waje ba ita ke ɗumama hannu ba, aikinta kawai ta hana ruwa shiga. Ɗumin yana cikin safar ciki ne da iskar da ta riƙe. Don haka daga fatar hannu ake fara zaɓe a fito waje, ba daga zobe mai sheƙi da ke cikin gilashin shago ba.

Mataki na 1: ka tabbata kana buƙatarta

In ruwan da kake shiga ya haura digiri 12 kuma ba ka wuce minti 40, jiƙaƙƙiyar safar niyofirin, robar nan da ake yin kayan nutso da ita, mai kaurin milimita 5 ta isa yawancin mutane, ba sai ka wahalar da aljihunka ba. Amma da an sauko digiri 10 zuwa ƙasa, ko nutson ya yi tsawo, ko kana da tsayuwar rage iskar jini kafin ka fito inda za ka rataye wuri ɗaya ba motsi, toh labari ya canza. Stoney Cove a Ingila, tsohon ramin fasa dutsen nan da dubban mutane ke koyon nutso a ciki, da hunturu ruwansa na saukowa wajen digiri 5. Silfra a Aisland tsakanin 2 ne da 4 duk shekara. Scapa Flow a tsibiran Orkney na Sikotlan, inda jiragen yaƙin Jamus suke kwance tun da matuƙansu suka nutsar da su a 1919, ko da rani ruwan bai cika wuce 13 ba kuma manyan jiragen suna da zurfi. Ita safar niyofirin kumfa ce, kana yin ƙasa matsin ruwa na matse ta tana yin siriri, wato daidai inda ruwa ya fi sanyi nan ne take rage aiki. Sannan sai kana da busasshiyar riga tukuna, domin a jikinta ake haɗa safar, in jiƙaƙƙiyar riga kake sawa wannan magana ba taka ba ce yanzu.

Mataki na 2: duba bakin hannun rigarka

Ɗauko rigar ka duba robar da ke kama wuyan hannu. In leteks ce da aka manne da gam, akwai zobban da ake ɗaurawa a kanta kai tsaye ba tare da an yanka komai ba. In silikon ce, to dama akwai zobe a ɗinke a jikin rigar domin gam ba ya kama silikon, sai ka gano na wane kamfani ne ka nemi tsarin da ya dace da shi. In kuma niyofirin ce yawanci sai an kai wa masu gyaran riga sun canza bakin. Mutane da yawa a nan suke asarar kuɗi, su yi odar zobe a intanet ya iso ya ƙi shiga. Ɗauki hoton bakin rigar ciki da waje ka tura wa mai shago kafin ka biya ko sisi.

Mataki na 3: safar ciki, ita ce uwar tafiyar

Auduga dai a'a, sam. Hannu na yin gumi ko a ruwan sanyi, tun kana ɗaukar kaya a bakin ruwa ma ya fara, ita kuma auduga ta sha gumin ta riƙe shi a jikin fata ta yi sanyi ƙalau. Ulu ake nema, musamman na tumakin merino, ko filis, yadin nan mai laushi na rigar sanyi, ko irin masu Thinsulate a ciki, wato zaren roba mai riƙe ɗumi. Ni ulu na fi so saboda dalili ɗaya, ranar da safar waje ta huje ruwa ya shiga, ulu ko a jiƙe yana riƙe ɗan ɗumi har ka samu ka fito cikin natsuwa. Wasu ma don wannan suke sa siririyar safar niyofirin a ciki, in ruwa ya shiga ta koma jiƙaƙƙiyar safa kawai, ba laifi a wannan dabarar sai dai a bushe ba ta kai ulu ɗumi ba.

Kauri kuma fa, kar ka ce bari in jibga mafi kauri a wuce wurin. Safar da ta matse yatsa ta fi siririya sanyi domin ta tare jinin da shi ne ke kawo ɗumin tun farko. Sa ta, ka dunƙule hannu ka buɗe sau da yawa, in ka ji kan yatsu na bugawa ko sun fara tsami to ta yi maka kaɗan. Gara ka mallaki kala biyu, siririya ta rani da mai kauri ta hunturu, ko siririya biyu da za ka iya haɗawa. Ka duba ɗinkin kan yatsu ma, in yana da tudu daga ciki, a mita 30 sai ka ji kamar tsakuwa ce a ƙarƙashin farce. Sannan wuyanta ya zama da ɗan tsawo ya rufe wuyan hannu, nan ne jijiyoyin jini suke kusa da fata kuma nan ne zoben yake zama, in wurin ya yi sanyi yatsu ba za su taɓa ɗumi ba ko me ka sa musu.

Akwai safar waje da ke zuwa da gashinta a manne ciki. Sauƙin sawa gare ta amma wahalar bushewa, in ta jiƙe da safe to nutson yamma da danshi za ka yi shi. Mai rabuwa ta fi, ka cire jiƙaƙƙiyar ka sa busasshiya, shi kenan.

Mataki na 4: safar waje

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancin safar da ƙwararrun masu nutso ke sawa ba don nutso aka yi ta ba, safar masunta ce da ma'aikatan masana'anta. Showa ta Japan tana da lamba 660, shuɗiyar PVC mai kaushi, tana da 720 ta naitiril, sannan akwai baƙar leteks ta Marigold mai lamba G17K. Kuɗinsu ba ya kai ko kusa da na zobe, don haka ka ɗauke su a matsayin kayan da ke ƙarewa, ka sayi fiye da ɗaya.

PVC tana da ƙwari, in kana shiga jiragen da suka nutse inda ko'ina ƙarfe ne mai tsatsa da kaifi ita ce taka, sai dai tana yin tauri a ruwa mai tsananin sanyi kuma ba ka jin abu sosai ta cikinta. Leteks laushi gare ta, kana jin madannin kyamara da na kwamfutar hannu kamar ba safa, amma tana saurin hujewa, rana da mai suna cinye ta, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da leteks kwata-kwata, ƙaiƙayi da kumburi, in kana cikinsu ko kusa kar ka je. Naitiril tsaka-tsaki ce, ba ruwanta da mai, ga ɗan laushi, ni ita nake nuna wa sabon shiga in bai san inda zai fi yawan nutso ba tukun.

Launi ma ba ado ba ne kawai. A ruwa mai duhu baƙar safa a gaban baƙar riga ɓacewa take, ka yi wa abokinka alama da yatsu bai ga komai ba. Shuɗiya ko ruwan lemo ta fi fitowa a hasken tocila.

Wajen girma, da safar cikin a hannunka za ka gwada, ba da hannu tsirara ba. Abin dubawa shi ne tsawon yatsu, kan yatsanka ya kai ƙarshen robar ba tare da ya tokare ba. In akwai rarar roba tana reto a kan yatsa, ita ce za ta dinga shiga bakin ƙugiya tana maƙalewa, kuma nan ne take fara hujewa. Yawanci lamba ɗaya sama da wadda ka saba ce ke dacewa amma hannu ya bambanta, wani tafinsa faɗi yatsu gajeru, sai ya gwada kamfani biyu uku kafin ya dace.

Mataki na 5: zobe

Toh a nan kuɗin yake. Zobe biyu ne a kowane hannu, ɗaya a jikin riga ɗaya a jikin safa, sai su haɗu o-rin, wato siririyar roba mai zagaye, ta toshe tsakaninsu. Kubi na alminiyom ne, turawa kawai ake ya zauna, kuma yana zuwa da faɗin milimita 70, 80, 90 da 100. Si Tech ta Suwidin na roba mai tauri take yi, tana da masu zagaye tana da Antares mai siffar ƙwai wanda ke bin yanayin wuyan hannu bai cika girma ba. Waterproof na da Ultima, Santi ta Folan na da nata, akwai Rolock wanda ake murɗawa ya kulle. DUI ta Amurka kuma tsarinta daban, safar ce ke maye gurbin robar wuyan hannu a jikin rigar, ka sa rigar da safarta gaba ɗaya. Akwai kuma tsohuwar hanya mafi araha, zobe ɗaya a jikin riga ka ja bakin safar leteks ka ɗora a kai, tana aiki tsaf sai dai da wuya ka iya sa hannu na biyu kai kaɗai.

Ba zan ce maka ga wanda ya fi ba, kowanne akwai masu rantsuwa da shi. Tambayoyin da za ka yi wa kanka dai su ne waɗannan. Hannunka na wucewa ta cikin zoben da safar ciki ba tare da kokawa ba? Zaɓi mafi ƙanƙantar da hannunka zai wuce, domin babban zobe yana maƙalewa a igiyar kafaɗa lokacin sa kaya, kuma in tukunya biyu kake goyawa yana iya hana ka kai hannu baya ka rufe bawul. Za ka iya sawa ka cire kai kaɗai? Wannan fa ka gwada shi da gaske a shagon, ka sa na hagu sannan ka sa na dama da hannun da ke cikin safa, domin a kan jirgi yana tangaɗi kowa na fama da kayansa ba wanda zai tsaya maka. Cirewar ma haka, wani zoben in hannu ya yi sanyi sai ka rasa yadda za ka ɓalle shi. Kana iya canza safar da ta huje a bakin ruwa cikin 'yan mintuna ba tare da kayan aiki ba? Sannan ana samun o-rin ɗinsa a kusa da kai? Ka duba abin da mutanen kulob ɗinku suka fi sawa, dan Allah kar ka raina wannan, ranar da robarka ta tsinke a wani tsibiri wanda ke da irin naka ne zai cece ka.

Ka kuma tuna kwamfutar hannu da kamfas za su koma bayan zoben ne, can wajen damtse, igiyarsu ta isa ta zagaya.

Mataki na 6: robar wuyan hannu da hanyar iska

Wannan shi ne wurin da na fi so ka natsu. Safar ta rufe iska a cikinta tun daga tudu. A mita 10 iskar nan ta koma rabin girmanta, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, robar ta manne a hannu ta murƙushe ulun da ka kashe kuɗi a kai, ba iska a cikinsa ba ɗumi kenan, ga zafin matsi a gaɓoɓin yatsu. Dole sai iskar rigar ta samu hanyar shiga safar.

Wasu sai su cire robar wuyan hannun gaba ɗaya, riga da safa su zama ɗaki ɗaya. Ɗumi kam akwai, ba abin da ke matse jijiya, amma in safar ta yage ko zobe ya ɓalle ruwa mai digiri 4 zai bi hannun riga ya cika ta, kuma in kana da tsayuwar dole a gabanka ba damar ka haura sama kai tsaye. Ni dai ban yarda da wannan ga wanda bai daɗe a harkar ba, gaskiya ko ga wanda ya daɗe ina jin tsoronsa. Ka bar robar a wurinta, ka zura wani ɗan abu a ƙarƙashinta wanda zai buɗe 'yar ƙaramar kafa, siririn tiyon silikon, ko guntun igiyar roba, ko madaukin babban yatsa na rigar ciki. Iska za ta wuce a hankali. In safa ta huje sai ruwan ya tsaya a hannu, ɗan abin da zai bi kafar kaɗan ne, kuma in ka bar bakin igiyar inda za ka iya kamawa sai ka cire safar ka zare ta robar ta rufe ruf.

A cikin ruwa kuma, kana sauka kana sa wa riga iska, sai ka ɗaga hannu ɗaya sama da kafaɗa na ɗan lokaci ka motsa yatsu, za ka ji iska ta shiga safar ta saki, sai ka yi wa ɗayan. Kar ka jira sai ta matse tukuna. Wajen hawowa akasin haka ne, iskar na kumbura, ka sauke hannu ƙasa ta koma riga ta fita ta bawul ɗin kafaɗa, in ba haka ba safar ta cika fam yatsu su fice daga mazauninsu, wani zoben ma yana iya ɓallewa.

Mataki na 7: gwaji kafin zurfi

A gida ka haɗa komai, ka sa riga, ka ɗauki kayan da kake aiki da su a ruwa. Buɗe ƙugiya ka rufe, danna madannin kwamfuta, cire tiyon iskar riga ka mayar, zaro wuƙa ko almakashi, kwance zaren balan-balan ɗin alama da ake aikawa saman ruwa ka naɗe, kai hannu baya ka taɓa bawul. Duk wanda ya gagara a falo to a ruwa ba a magana.

Sai neman huji. Yadda mai faci ke hura tib ya danna shi a ruwa yana neman inda kumfa ke fita, haka za ka yi, ka tara iska a safar ka toshe bakin zoben da tafin hannu ka nutsa ta a bokiti kana matsawa, ka duba kan yatsu da tsakaninsu. Sabuwa fil ma ana samun ta da huji. Ka duba inda safar ta naɗe a jikin zobe, ninki ɗaya da bai kwanta ba ya isa ya sa yoyo.

Nutson farko ka yi shi a wuri mara zurfi da ka sani, mita 6 zuwa 10, da abokin da ya san sabon kaya kake gwadawa. Kafin ku sauka ka tsoma hannu biyu a ruwa ka ɗan jira, in akwai yoyo a nan za ka ji sanyinsa. Yawancin yoyon ma ba huji ba ne, gashin ulu ɗaya ne ko bakin safar ciki ya hau kan o-rin lokacin haɗawa, don haka ka cusa safar ciki sosai, ka shafa yatsa ka zagaye zoben ka tabbata ya zauna daidai ko'ina. Ranar da ruwa ya shiga kana ƙasa, ka yi wa abokinka alama ku fara hawowa yadda aka koya muku, kar ka ce bari in daure in ƙarasa, sanyi mai tsawo yana lalata jijiyoyin yatsu ko da bai kai ga ƙanƙara ba, kuma ciwon kan daɗe.

Safa mai batir da ke ɗumama hannu tana nan, amma ka bar wannan sai ka ƙware da ta gargajiya, kuma ko da ita sai ka sa safar cikin da za ta riƙe ka in batir ya mutu.

Mataki na 8: kulawa

Bayan kowane nutso ka wanke zobe da ruwan daɗi, gishiri da yashi su ne ke cin o-rin. Ka shafa masa giris ɗin silikon ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai, in ya yi yawa datti yake kwasowa, kuma kar ka kusanto da basilin ko wani mai na fetur kusa da leteks. Juya safar, cikinta ya koma waje, ta bushe a inuwa, ba kan hita ba, ba a rana ba. Farce a yanke, zoben yatsa da agogo a cire kafin a sa. A jakarka kullum a samu safar waje guda biyu, in da hali ɗaya a riga an ɗaura ta a kan zobe, da o-rin na canji, da busasshiyar safar ciki a cikin leda mai zif. Safar cikin da za ka shiga ruwa da ita kuma kar ka sa ta kana jan tukunya da haɗa kaya a bakin ruwa, ka yi wannan aikin da wata daban, ita ka ajiye ta cikin rigarka a jikin ƙirji sai lokacin shiga ya yi ka sa ta da ɗuminta.